Asibitin ƙauye a Kenya: in ba da kuɗi ko in je da kaina?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah masu sani su tanka. Akwai wata abokiyar aikina a asibitin da nake aikin jinya a nan Amurka, 'yar yammacin Kenya ce, daga yankin Tafkin Victoria. Ita da 'yan garinsu mazauna nan sun ƙudiri aniyar gina ƙaramin asibiti a ƙauyensu: ɗakin haihuwa, ɗakin ganin marasa lafiya, ɗakin magani da ɗan wurin gwajin jini. Ta ce idan ruwan watan Maris zuwa Mayu ya kankama hanyarsu yankewa take yi, mace mai naƙuda sai a goya ta a babur a ratsa taɓo da ita. Sun raba mana takarda: mai hali ya ba da kuɗi, mai lokaci ya bi ayarin aikin sa kai na mako biyu. Zuciyata ta fi karkata ga tafiya, sai dai kuɗin jirgi kaɗai ya haura dala dubu. Wanne ya fi amfani gare su?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa? A ƙauyenmu ma a baro ake fitar da mai naƙuda zuwa bakin titi. Ga kuɗin ga hannun aikin duk kina da su, me ya kai ki Kenya alhali naki suna nan suna jira?

Maman Hanifa:
Yaya, ban manta da gida ba, kuma ka san ina aikawa. Amma matar nan tare muke kwana a kan marasa lafiya, lokacin da mahaifiyata ta rasu ita ta karɓe mini aikin dare har na je na dawo. Ba zan iya kawar da kai daga takardarta ba.

Malam Ƙarami:
Bari in raba muku abu biyu kafin maganar ta yi nisa. In zakka ce, Allah ya riga ya ambaci masu cin ta guda takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai ba su ga a sa ta a gini ba, hannun mabuƙaci ake damƙa wa. A mazhabarmu ta Malikiyya ma an fi son a raba ta a inda dukiyar take, sai in wani wurin ya fi tsananin buƙata. Amma sadakar ganin dama ƙofarta a buɗe take. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ba ta hana mu kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba, kuma hadisi ya tabbata cewa akwai lada a kan duk mai rai da aka taimaka wa. Asibitin da ake ci gaba da amfana da shi sadaka ce mai gudana. Ki dai riƙe wannan sharaɗin: ana ci gaba da amfana da shi. Ginin da aka rufe da kwaɗo ba abin da yake gudanar wa mai shi.

Anti Ungozoma:
Malam ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. 'Yata Maman Hanifa, saurara ki ji daga bakin wadda ta tsufa a ɗakin haihuwa.

An taɓa tura ni wani asibitin ƙauye da wani bawan Allah ya gina da kuɗinsa, Allah ya saka masa. Ginin ba laifi, fenti sabo, har da tayil a ƙasa. Amma ba rijiya, ba wuta, ba ɗakin kwanan ma'aikata. Haihuwa kuwa da dare ta fi zuwa. Nakan riƙe tocila da haƙora ina ɗinki, mijin matar yana can rafi da jarka yana ɗebo mini ruwan wanke hannu. Allurar oksitosin da muke tsayar da zubar jini da ita sanyi take so, mu kuwa ba firji, sai in sa ta a randar ƙasa ina addu'ar kada zafi ya kashe ƙarfinta. Ramin zuba mabiyiya ma babu wanda ya tuna da shi a zanen ginin. Da aka ɗauke ni ba a turo wata ba, domin gwamnati ba ta taɓa sa asibitin a lissafin ma'aikatanta ba. Da na ratsa ta garin daga baya, buhunan gero na hango jibge a ɗakin da na karɓi haihuwa.

Don haka kafin ki ce kuɗi ko tafiya, tambayi ƙawarki: wa zai kwana a asibitin, wa zai biya shi, kuma har zuwa yaushe?

Injiniya:
Anti ta gama magana. Ni a ɓangarena, don Allah kada ki je ɗaukar bulo. Yammacin Kenya ba ya rasa magina da kafintoci da leburori, aikin ne suke nema. Kuɗin jirgin mutum ɗaya daga cikinku zai biya magini na tsawon lokaci, kuma katangar da ya ɗora za ta fi taku miƙewa. In ayari ya zo ya yi aikin kyauta, matasan garin sun rasa ladan kwadago, sannan in rufi ya fara yoyo bayan shekara biyu babu wanda ya san yadda aka haɗa shi.

Sai batun kayan aiki. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Kenya 240. Na'urar da aka kwaso daga asibitin Amurka aka jona ta kai tsaye, nan take za ta ƙone. Ko ba ta ƙone ba, ranar da wani ɗan ƙarfe ya lalace a cikinta, a ina za a samo shi? Gara a saya a Kisumu ko Nairobi wurin dillalin da zai zo gyara. Kuma a fara da ruwa da sola da gidan ma'aikata kafin a yi maganar tayil.

Ɗalibi a Kigali:
Ina goyon bayan Injiniya, kuma ina da misali da na gani da idona. Akwai asibitin Butaro a gundumar Burera, arewacin Ruwanda, dab da iyakar Uganda. Mun je ziyarar karatu. Wuri ne mai tsaunuka da sanyi, mota sai ta yi ta nishi kafin ta kai. Kafin a gina shi, gundumar mai mutum sama da dubu 300 ba ta da babban asibiti ko ɗaya. Ƙungiyar Partners In Health ta marigayi Dakta Paul Farmer ce ta haɗa hannu da ma'aikatar lafiya ta Ruwanda, wasu ɗaliban zanen gine-gine daga Harvard suka zana shi, aka buɗe a Janairun 2011.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne katangar. Baƙin dutsen aman wuta ne na yankin, wanda manoma ke tsincewa daga gonakinsu su jibge a gefe. Maginan garin ne suka sassaƙa shi ɗaya bayan ɗaya har ya zauna daram, da ƙyar ka ga siminti a tsakani. Dubban mutanen yankin sun ci abinci a aikin, har haƙar harsashi da hannu aka yi don a ɗauki mutane da yawa. A cikin ɗakin kwanciya kuma gadajen tagogi suke kallo, maras lafiya yana kwance yana hangen tsauni. Barandar da ake bi a waje take, iska na ratsawa, saboda kada masu tarin fuka su harbi sauran jama'a a cikin lungu. A 2012 aka ƙara cibiyar masu cutar daji, daga baya aka kafa jami'ar koyon aikin likita a gefensa. A can Butaro ɗin Dakta Farmer ya rasu a Fabrairun 2022.

Baƙi sun kawo kuɗi da zane, amma tun ranar farko asibitin na gwamnatin Ruwanda ne. Shi Farmer ya sha nanata cewa gini ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ake buƙata, sai an haɗa da ma'aikata, da kayan aiki, da tsarin da zai riƙe su.

Baban Khalifa:
Ƙanina, wannan ai aikin manya ne, miliyoyin daloli da gwamnati a bayansu. Maman Hanifa maganar 'yan gari take yi masu karo-karo daga albashinsu. Ka kawo mini irin wannan da ya rayu.

Likita:
Akwai, Alhaji, kuma a yankin da ake magana a kansa. Sunan ƙauyen Lwala, a gundumar Migori. Wani yaron garin, Milton Ochieng', ya samu gurbin karatu a kwalejin Dartmouth ta Amurka amma ba kuɗin jirgi. Mutanen gari suka sayar da kaji da awaki da shanu suka tara masa dala 900, suka roƙe shi kada ya manta da su. Ƙaninsa Fred ya bi sahunsa, su biyun suka yi karatun likita a jami'ar Vanderbilt. Tun suna yara sun ga wata maƙwabciyarsu ta rasu wajen haihuwa, an turo ta a baro ana neman bakin titi. Mahaifinsu, wanda malamin makaranta ne, shi ya fara tsara yadda za a gina asibiti a garin. Cutar ƙanjamau ta ɗauke mahaifiyarsu a 2004, ta ɗauke mahaifin a 2005, bai ga an buɗe ba. Yaran suka ci gaba da tara kuɗi a wurin ɗalibai da majami'u da makarantu a Amurka, mutanen gari kuma suka kafa kwamiti suka sa hannu a ginin. An buɗe a Afrilun 2007, kuma yana aiki har yau, ya girma ya zama cikakken asibitin al'umma.

Abin lura shi ne abin da suka yi bayan buɗewa. Ungozomomin gargajiya da mata suka saba haihuwa a hannunsu, ba a kore su ba. Horar da su aka yi, aka ba su ɗan alawus, suka koma masu bi gida-gida suna gano mai ciki tun da wuri su rako ta awo, in naƙuda ta tashi su kawo ta asibiti. Ma'aikatan 'yan Kenya ne, shugabanci ma yana hannun 'yan yankin, kuma suna aiki tare da gwamnatin gunduma.

Baban Khalifa:
To ai ka ƙarfafa maganata, Likita. 'Yan gari ne suka koma suka gina wa garinsu.

Likita:
'Yan gari ne suka ja gaba, amma da kuɗin wa? Da a ce ɗaliban Amurka da suka ba su gudummawa kowa ya ce sai gidansu ya ƙoshi, da ba a kafa tubali ko ɗaya ba. Matsayin Maman Hanifa a wannan aikin shi ne matsayin waɗancan ɗaliban. Ƙawarta ce Milton ɗin.

Ɗan Maraɗi:
Alhaji, da girmamawa, mu nan mun ci moriyar baƙin da suka bar gidajensu. Asibitin Galmi da ke kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, 'yan mishan na SIM ne suka buɗe shi a 1950, da kuɗin mutanen da yawancinsu ba su taɓa taka ƙasar Nijar ba. Je ka tsaya a bakin ƙofarsa da safe ka ji Hausar Sakkwato da ta Katsina, mutane na tsallako iyaka don a yi musu aiki. Yanzu har likitocin tiyata 'yan Afirka ake horarwa a can. Ga cibiyar masu yoyon fitsari ta Danja kudu da Maraɗi, da aka buɗe a 2012 a harabar asibitin masu cutar kuturta, ita ma gudummawar waje ce. 'Yar ƙanwar mahaifiyata doguwar naƙuda ta bar ta da wannan lalura, miji ya sake ta, ko zaman biki ba ta iya yi. A irin wannan cibiya aka yi mata aiki ta warke. Ni ba zan iya cewa kada wani ya taimaki ƙasar da ba tasa ba.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara mata lafiya. Na karɓi wannan. Amma har yanzu ina da tsoro ɗaya: duk abin da ya dogara da aljihun baƙo, ranar da baƙon ya juya baya fa?

Likita:
Tsoronka yana kan hanya, kuma mun gani. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya aka rushe hukumar USAID. Yammacin Kenya na cikin yankunan da cutar ƙanjamau ta fi yawa a ƙasar, ga zazzaɓin cizon sauro shekara zagaye saboda tafkin, kuma ma'aikatan lafiya da yawa albashinsu daga wannan tallafi yake fitowa. Rana ɗaya aka ce su zauna a gida.

Shi ya sa tambayar Anti ta fi kowace muhimmanci. Tun 2013 harkar ƙananan asibitoci a Kenya ta koma hannun gwamnatocin gundumomi 47. Su ke ɗaukar nas, su ke sayen magani. In gundumar ba ta amince a rubuce cewa za ta yi wa wannan asibiti rajista ta turo ma'aikata ba, to 'yan garin da ke Amurka su san cewa sun ɗauki albashi a kansu har illa ma sha Allahu. Tara kuɗin gini yana da sauƙi, domin kowa na son ganin hoton katanga tana tashi. Albashin watan talatin da bakwai shi ne ba mai ɗauka a hoto.

Maman Hanifa:
To Likita, ni ba bulo zan ɗauka ba. Nas ce ni, shekaruna da yawa a ɗakin haihuwa. Ba zan yi amfani a can ba?

Likita:
Za ki yi, amma da sharaɗi. Na farko lasisi. Kenya tana da hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista, baƙo ma sai ya nemi izininta kafin ya taɓa maras lafiya. Abin da ba za a bari baƙo ya yi a asibitinku na Amurka ba, kada ayarinku ya yi shi a ƙauyen mutane. Na sha ganin ɗalibin da ko shekarar farko bai gama ba an miƙa masa allura don kawai daga Turai ya zo. Wannan zalunci ne ga talaka.

Na biyu, mako biyu na duba marasa lafiya ba ya barin komai. Kin gano wa dattijo hawan jini, kin ba shi maganin wata ɗaya, kin hau jirgi. Wata na biyu fa? Amma in kika je bayan an buɗe, kika zauna da nas biyu da za su riƙe wurin, kuka yi ta maimaita yadda ake farfaɗo da jaririn da ya fito bai yi kuka ba, da yadda ake tsayar da jini, da auna allurar jijjiga, wannan zai zauna a hannunsu bayan tafiyarki.

Anti Ungozoma:
Ki kuma je da kunnuwanki, 'yata. Nas ɗin ƙauye ta san abin da ba ki sani ba. Ta san gane naƙudar da za ta gagara tun kafin dare ya yi, domin ba ta da ɗakin tiyata a bayanta. Ke kin saba danna ƙararrawa likita ya shigo.

Mai Kemis:
Ƙari kan maganar Likita: kada ku cika akwatuna da ragowar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kyautar magani tun 1996, ciki har da cewa maganin ya kasance da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace a ranar da ya isa, kuma ya zama wanda masu karɓa ne suka nema. Kenya ma tana da hukumar da sai da izininta ake shigar da magani. Maganin da ya lalace ƙona shi ma kuɗi ne, kun bar musu nauyi. In ana son taimako ta nan, a ba su jarin magani na farko, a sayar da rahusa, kuɗin ya riƙa juyawa ana sake sari. Tsarin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi ke nan a Bamako a 1987. Inda aka samu kwamiti mai amana yana tafiya, inda aka bar akwatin kuɗin a hannun mutum ɗaya kuwa jarin narkewa yake yi. A kuma ware wa wanda ba shi da ko sisi, kada a kore shi a bakin taga.

Injiniya:
Na manta abu ɗaya, kuma shi ya fi kashe irin wannan aiki: fili. A sunan wa takardar take? In wani dattijo ne ya bayar da baki, ranar da ya kwanta dama magada za su ce gonar ubansu ce. A mayar da takardar sunan ƙungiyar gari ko gwamnatin gunduma kafin a sauke yashi. Kuɗi kuma ya shiga asusun ƙungiya mai rajista, masu sa hannu biyu ko uku, a biya ɗan kwangila mataki-mataki bayan an ga aiki.

Malam Ƙarami:
Ina roƙon ayarin kuma su ji tsoron Allah game da hoto. Mace tana cikin ciwo, ko yaro ya rame, a ɗauke shi a watsa a Facebook don a tara kuɗi, ba tare da an tambaye su ba. Talauci bai cire wa mutum mutuncinsa ba.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tura wa ƙawata tambayoyinku jiya, mun daɗe a waya. Fili kawunta ne ya bayar, takarda tana sunansa har yanzu, amma ya yarda a canza, sun fara bin ofishin filaye. Kwamitin gari akwai shi, mata huɗu a ciki, biyu ungozomomin gargajiya ne. Rijiya tana cikin lissafi, gidan ma'aikata babu. Gwamnatin gunduma kuwa wani jami'i ya yi musu alkawari da baki, ba a rubuce ba. Da na karanta mata labarin Anti shiru ta yi, sannan ta ce za ta kai maganar taronsu na ƙarshen wata.

Abin da na yanke: ba zan bi ayarin gini ba. Kuɗin jirgin zan ba su, amma na roƙi a sa shi a ɗakin kwanan nas, kuma zan saki kuɗin ne ranar da takardar fili ta fito. In Allah ya sa an buɗe, zan nemi izinin hukumarsu in je horarwa.

Baban Khalifa:
Allah ya sa albarka. Ni dai ban sauka daga ra'ayina ba cewa namu sun fi kusa, amma ba zan ce kin yi ba daidai ba. Kuma maganar Anti ta hana ni barci, domin akwai irin wannan ginin a mazaɓarmu, shekara da shekaru a rufe, jemagu ne a ciki. Likita, na ji ana cewa dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta ware wani kaso na kuɗin tarayya don ƙananan asibitoci. Ta yaya asibiti ke shiga ciki?

Likita:
Haka ne Alhaji, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma an fara ne da asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Ta hannun hukumar lafiya matakin farko ta jiha ake bi, ita ke tantance wanda zai shiga. Ka fara gano ko naku ne aka zaɓa a mazaɓar ko wani, sannan ka nemi shugaban kwamitin raya mazaɓa da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma. Ka ɗauko mana hoton rufin da tagogin da inda rijiya take, Injiniya ya duba ya faɗa mana abin da gyaran zai ci.

Injiniya:
A turo har da bayan ginin da cikin silin. In katakon rufin bai ruɓe ba, aikin ba zai yi yawa ba.